Layin da Mai Tsani ya kashe da hannunsa

A ofishinmu Mai Tsani muke ce masa, saboda alamar nan ta # mai kama da guntun tsani. Shekara goma sha shida yana kula da kwamfutocin kamfanin, a wani ɗaki mai sanyin tsiya, da tsohuwar rigar sanyi rataye a bayan kujera. Ni teburina na kallon nasa.

A fayil ɗin saiti, inda ake rubuta wa na'ura umarni layi-layi, duk layin da aka sa wa wannan alama a farkonsa, na'ura tsallake shi take yi kamar ba ta gani ba. Mutum ne kawai ke karantawa. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa goge layi ba. Sai ya kafa masa tsani, ya rubuta dalili a samansa, har da mita: "Kar a taɓa wannan, na sha wuya a kansa." Na sha yi masa tsiya cewa fayilolinsa sun fi shi surutu, don a baki gaisuwa ma da ƙyar take fita.

Kullum ƙarfe bakwai na safe babbar kwamfutar kan tura saƙo wayarsa, da kalmomin da ya tsara da kansa: "An tashi lafiya, komai ƙalau." Ranar da za a kwantar da shi asibiti ya kashe layin lambarsa a fayil ɗin da tsani, ya rubuta: "A cire tsanin in na dawo." Bai dawo ba, a can ya rasu.

Bayan wata biyar aka ce in kunna lambar sabon ma'aikaci. Garin sauri na cire tsanin layin da ke sama, wato na lambar Mai Tsani. Ban lura ba, har kusan mako uku.

Sai ga matar Mai Tsani a bakin ɗakin, da wayarsa a hannu. Ta ƙi zama.

"Ƙanina, na san na'ura ce," in ji ta. "Amma autarmu shekararta bakwai. Cewa take babanta ne ke gaishe ta. Ko karyawa ba ta yi sai saƙon ya shigo. Don Allah ka kashe shi. Ka yi yau, don gobe ba zan iya sake roƙonka ba."

"Anti, ki yafe ni, kuskurena ne."

"Ni ma fa jiransa nake yi," ta ce, ta juya.

Na buɗe fayil ɗin. Wallahi tsoro ne ya kama ni, kamar yana tsaye a bayana yana kallon yatsuna. Na mayar da tsanin, na adana.

Washegari na leƙa akwatin da amsoshi ke faɗawa, wanda ba mai buɗewa. Saƙonni goma sha tara na tarar daga lambarsa, duk labarin makaranta da haƙorin da ya fita. Na ƙarshe ya shigo bakwai da kwata na safiyar nan: "Baba yau ka makara. Ina jira."