Billen Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "kai," ko ta aiki ƙanwata ta kira mata "wancan." Ba ta kallon idona, ni ma ba na kallon nata. Abin da nake kallo in tana magana shi ne billenta, zane guda ɗaya da ya taso daga gefen hanci ya gangaro kan kuncin hagu, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Da shi nake gane yanayinta: in ta ɗaure fuska ya miƙe, in tana danne dariya ya lanƙwashe. Mu 'ya'yanta ba wanda yake da shi, domin Baba malami ne, ya hana wanzami taɓa fuskar kowa a gidansa.

Ina koyarwa a Tambuwal, ita kuwa tana Fakku, inda ta ƙi bari ko bayan rasuwar Baba. Wata rana ƙanwata ta bugo mini waya ta ce wani ƙurji ya fito wa Inna kusa da hanci, ya kusa shekara, sai ya bushe ya ɓare ya yi jini ya sake dawowa. An shafa man shanu, an yi tofi, an sa garin saiwa, duk a banza. Na hau mota zuwa Kebbe, na hau babur zuwa Fakku, na isa da ciwon baya da faɗa cike da bakina. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya san haka. Na yi wa ƙanwata tatas a kan ɓoye mini da aka yi, Inna tana zaune tana jina kamar da wata nake. Da na gaji ta ce a kawo mini ruwa.

A asibitin Tambuwal aka dube ta aka ba mu takarda zuwa Sakkwato, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda aka ce shi ne kuma yake aikin gyaran fuska. Mutumin Kudu ne, dogo, mai sanyin hannu. Yana da 'yar Hausarsa ta gaisuwa da cefane, amma da Inna ta buɗe baki da Sakkwatancin Fakku sai ya juyo ya dube ni yana murmushi. Daga nan na zama tafinta. Ya ce ciwon daji ne na fata, irin wanda ba ya saurin yaɗuwa, in an yanke shi yanzu an huta. Ya ɗauki hoton fuskarta, ya zana da'ira da alƙalami mai shuɗin tawada a kewayen ƙurjin. Ɗalibai biyar ne tsaye a bayansa da fararen riguna, suna rubuta duk abin da ya faɗa.

Da ya gama, ya ce in tambaye ta ko tana da abin cewa. Kafin in yi magana sai na ji an ja hannun rigata. Inna ce. Ban tuna ranar da ta taɓa ni ba tun ina ƙarami.

Ta ce, idonta a ƙasa, "Kai, faɗa mai kash shi ɗebe min billen ga. Na innata na, wanzami guda yay yi muna. Ban da hotonta. In ni duba madubi ita nika gani."

Na san mahaifiyarta ta rasu tun Inna ba ta fi shekara bakwai ba, amma a bakin wasu na ji, ita ba ta taɓa ambatarta a gabana ba sai ranar. Likita yana jira, ɗalibai suna jira da alƙalumansu.

Ban faɗa masa ba. Na sha juya dalilin a raina, kuma duk ta inda na juya shi ba ya kyau. Da farko ban san yadda ake cewa bille da Turanci ba, ni da nake koyar da Turancin. Sannan na ji kunya, kada yaran nan su ga ana maganar ciwon daji, tsohuwar ƙauye tana ta tsagar wanzami. Akwai kuma haushi, na ce a zuciyata ana ta ranta tana ta kwalliya. Sai na ce wa likita tana tambaya ko za ta ji zafi.

Ya yi dariya, ya sunkuyo wajenta, ya ce da Hausarsa, "Mama, babu zafi. Babu komai."

Ta ji "babu komai," ta ɗauka amsar roƙonta ke nan. Ta saki hannun rigata ta ce, "To, madalla."

Aiki ya yi kyau, ba zan ci amanar mutumin nan ba. Bayan mako guda da aka cire auduga, sai da ya kira ɗalibansa su zo su gani. Ya janyo fata daga kunci ya rufe wurin, ya ɓoye ɗinkin a lungun hanci, har sai ka matso sosai za ka ga wani siririn layi kamar zare. Ƙurji ya tafi. Bille ma ya tafi, kuncin ya yi sumul kamar ba a taɓa sa masa aska ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa Inna madubi. Ta duba, ba ta daɗe ba, ta kife shi a kan cinyarta. Ta yi wa likita godiya, ta sa wa 'ya'yansa albarka. Muka hau mota muka baro Sakkwato, har muka wuce Dogon Daji. Ina satar kallonta, yatsanta yana bin inda zanen yake da, daga hanci zuwa kunci, ya koma ya sake.

Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa Inna ta ba jikarta madubinta. Mutanen Fakku kuwa sai barka suke yi, wasu tsofaffi suna tsokanarta wai ta koma budurwa, a sake kawo sadaki. Tana yi musu dariya. Ni dai na rasa inda zan ajiye idona in tana magana, ban ƙara gane fushinta daga murnarta ba.

Bayan wata uku na koma Sakkwato ni kaɗai karɓar sakamakon gwajin naman da aka yanke. Likita ya ce an cire ciwon duka, babu saura. Na yi hamdala. Har na miƙe, sai na tambaye shi, kamar ba da wata manufa ba, ko dole ne sai da zanen nan ya tafi. Na nuna masa wurin a fuskata, tunda har lokacin ban nemo kalmar ba.

Ya ce a'a, hanya biyu ce. Ya ce mutane da yawa suna zuwa wurinsa roƙon ya shafe musu irin wannan zane, shi ya sa da ya ga dama ta samu ya haɗa da shi, yana ganin alheri ya yi wa Mama. Ya ce da an gaya masa, karkata wuƙa kaɗan kawai zai yi, zane ya tsaya a inda yake. Ya tambaye ni ko akwai matsala. Na ce babu komai.

Sai na tuna hoton da ya ɗauka. Na roƙe shi, ya sa na sa hannu a wata takarda, ya tura mini a waya. Na wanke shi a Tambuwal. Ga ƙurjin, ga shuɗiyar da'ira, ga bille a gefe cikakke. Abin da ya fi tsaya mini shi ne idonta, domin likita ya ce ta dubi na'ura, ta kuwa duba. Ina da shekara arba'in da wani abu, ranar na fara ganin idon uwata sosai, a kan takarda.

Na kai mata Fakku. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta nisanta shi ta matso da shi, ta daɗe.

Ta ce, "Ita ta, innata."

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai, ran nan ka faɗa mai kuwa?"

Ga dama ta zo har gabana. Na ce, "Na faɗa mai, Inna."

Ta ce, "To. Ɗan mutane ya yi iya yinai. Na yafe mai." Ta sa hoton cikin kwallarta ta ajiyar kaya, ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Har yau ban san ko ta yarda da ni ba. Maganar da ta yi a asibiti doguwa ce, wadda na yi wa likita kuwa ba ta kai rabinta ba, kuma Inna ba ta jin Turanci amma ba a yi mata ƙwange a awo. Ta yi shekara huɗu bayan haka cikin ƙoshin lafiya, ciwon bai dawo ba, zazzaɓi ne ya ɗauke ta a wata damina. Ana gobe za ta rasu na durƙusa na nemi gafararta yadda kowa yake nema, a dunƙule, ban ambaci komai ba. Ta ce ban yi mata komai ba. Gafarar da nake bukata tana can wurin likitan da bai yi laifi ba, bai ma san an yafe masa ba.

Hoton yana wurina yanzu, ƙanwata ta ciro mini shi daga kwalla. Ba na rataye shi, amma ba na iya yin wata guda ban ɗauko shi ba. In ina aske gemu, reza ta zo kuncin hagu, sau da yawa sai in ji kamar an ja hannun rigata, in tsaya da kumfa a fuska.

Kwanan baya ƙaramar 'yata ta same ni da hoton a hannu. Ba ta san kakarta da zane ba. Ta ɗora yatsa a kai ta ce mene ne wannan. Na ce bille ne, irin na mahaifiyar kakarta, wanzami yake yi da aska. Ta ƙura masa ido, ta ce, "Baba, da aka cire mata, ta ji zafi?"

Na buɗe baki in ce babu zafi, babu komai. Maganar ta ƙi fita.