Awon Hannun Norbert

Duk wanda ya taɓa sauka ɗakin ƙasa na gidan Norbert Galecki, nan kudancin Milwaukee a Amurka, ya ga ƙwallayen bolin guda tara jere a kan kanta, kowanne da tsumman gogewarsa. Bolin dai wasan nan ne na gangara ƙwallo mai ramukan yatsu a kan katako a kayar da kwalabe goma. Ba gado ya ci ba, ba kuma sayarwa yake ba. Ɗaya bayan ɗaya ya saye su, bakwai daga ciki a shekara goman nan, wato tun da makinsa ya fara gangarowa. In ya yi mugun wasa, laifin ƙwallo ne. In ya sake yi, man da aka shafa wa katako ne ya yi yawa, don haka sai an nemo wani ƙwallon mai jure mai. Matarsa Jeanette ta daɗe da zuba masa ido.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran motocin bas kafin ya yi ritaya, kuma in ya ɗaure noti sai dai a yanka. Bolin kuwa tun yana saurayi. Ran Alhamis da yamma, ko ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka same shi a gidan bolin na unguwa da ƙungiyarsu. Shekara da shekaru shi ne mai jifan ƙarshe, wanda ake bar wa wasa in ya yi tsami. A lokacin makinsa na taɓa ɗari biyu. Yanzu yana da shekara sittin da bakwai, makin na lilo a ɗari da sittin, shi kuma kullum fuska a murtuke, kamar mu muka rage masa.

Su shida ne a ƙungiyar, biyar ke bugawa, wanda ya fi kowa ƙarancin maki ya zauna a benci. Bana zaman bencin tsakaninsa ne da Trevor, surukin kyaftin ɗinsu Duane. Wata Alhamis bayan an tashi, Duane ya ja shi gefe.

"Norb, kada ka ɗauka da zafi. Gasar birni saura sati biyu, kuma suna biyar zan rubuta. Alhamis mai zuwa ni zan zauna, kai da Trevor ku buga. Wanda ya fi maki a wasa ukun, shi ne na biyar."

"Ni za ka gwada da yaron da ya fara jifa jiya-jiya?"

"Yaron shekararsa arba'in da biyar, har sanƙo gare shi."

"To, na ji. Ƙwallo zan canja."

Duane ya ɗaga kai ya dubi silin. "Na goma ke nan, ko na sha ɗaya?"

Norbert ya ɗauki jakarsa ya fita. Sau talatin da ɗaya a jere ya buga gasar birni, har shekarar da aka yi masa aikin ƙaba, kuma bai ga dalilin da zai sa a tsaya a talatin da ɗaya ba.

Ran Asabar da hantsi ya isa shagon ƙwallo da ke kusurwar gidan bolin. Shagon na amininsa Stan Wielgosz ne, wanda ya huda wa rabin unguwar nan ramukan yatsu a ƙwallo kafin ya rasu bara. Yanzu 'yarsa Rhonda ke riƙe da shi, kuma wannan ne zuwan Norbert na farko tun da ta karɓa. Ya zo da takarda a aljihu, sunan ƙwallo biyu a kai. Ɗaya baƙi ne mai ratsin kore, mai kama katako ya lanƙwaso ko da mai ya yi yawa. Ɗayan ja ne mai sheƙi, yana tafiya nesa kafin ya karyo kwana. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya tambayi abin da ke cikinsa, aka faɗa masa, ya ce ba haka ya karanta ba. Awa guda cur Rhonda na tsaye, kofinta har ya huce.

"Baƙin," in ji shi a ƙarshe. "Laba goma sha biyar. Ki huda yadda ke kan kati."

Rhonda ta jawo akwatin katunan babanta ta zaro nasa, ya yi jawur don tsufa. "Kawu Norb, wannan awon ina sakandare aka yi shi. Kawo hannunka in gani."

"Hannuna yana nan yadda yake."

"To in gani mana."

"Babanki ne ya auna shi. Ke kin fi shi ne?"

Ba ta yi musu ba, sai ta juya katin ta miƙa masa. A bayansa akwai rubutun Stan da fensir, layi bakwai, kowanne da kwanan watansa, kuma duk magana ɗaya ce: hannu ya canja, ya ƙi awo. A layin ƙarshe Stan ya ƙara kalma ɗaya, jaki.

Norbert ya tuna. Duk zuwan da ya yi, Stan yakan ce a sake awo, shi kuma ya ce sauri yake, a bi kati. Haushi ya turnuƙe shi, ga shi wanda zai yi wa faɗan yana kabari. Ya dangwara hannunsa a kan tebur.

Hannun makanike ne da ya sha sanyi da sifana. Gaɓar babban yatsa ta kumbura ta yi ƙulu, yatsan tsakiya ya karkace, tafin kuma ba ya buɗewa kamar da. Rhonda ta sa masa ƙwallon awo, ta juya, ta rage, ta ƙara.

"Tazarar yatsunka ta ragu, babban yatsa kuma ya ƙara kauri. In ka gama wasa yana ciwo?"

"Kowa hannunsa na ciwo."

"Ba kowa ba. Ramin ya matse ka, sai ka fizgo kafin ya sake ka. Duk taran nan na gida, hannun wani mutum aka huda wa, ɗan shekara talatin da bakwai. Ɗaga wannan ka ji."

Ya ɗaga. Ƙwallon ya zauna masa a hannu kamar tsohon takalmi, ba matsi, ba zugi. Ya daɗe yana lilo da shi. An bar jaki ana dukan taiki shekara goma, kuma shi da kansa ke riƙe da sandar.

"Huda haka," ya ce.

"Zan huda, Talata ka zo ka ɗauka. Amma ka ji ni da kyau, Kawu. Kada ka buga da shi ran Alhamis. Hannunka ya saba da fizga, sai ka yi wata guda kafin ya manta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka lallaba da tsohon, ka ci Trevor, sannan mu fara."

"Ɗazu kin ce tsofaffin ba nawa ba ne, yanzu kin ce in buga da su. Wanne zan ɗauka?"

"Duka biyun."

Mutumin da ya yi shekara goma yana ƙin gaskiya, ranar da ya karɓe ta ma sai ya karɓe ta da taurin kai. Ya ɗauki ƙwallon ran Talata, ya yi jifa biyar na gwaji, ya ce ya isa haka, ba ya son ya gajiyar da hannu. Ran Alhamis ya shigo da shi a jaka yana tafiya kamar ango.

"Iye, an yi sabuwar amarya," in ji Gene, mai jifan farko. "Allah ya sa ta fi sauran zama."

Jifan farko, yatsa ya fita sumul tun kafin ya yi tsammani, hannun kuma ya yi fizgar da ya saba, ƙwallo ya tsallaka hagu ya ɗauki kwalabe uku cikin goma. Na biyu ya faɗa kwata, ramin da ke gefen katako. Norbert Galecki, a kwata, gaban mutane. Ya gyara tsayuwa, ya matsa dama, ya rage gudu, duk a banza. Wasan farko ya tashi da ɗari da talatin da ɗaya.

"Koma wa tsohon, don Allah," in ji Duane daga benci. "Ni ma ba na son abin da nake gani."

Ya koma wa tsohon a wasa na biyu. Sai dai hannun ya riga ya ɗanɗana sakewa. Yanzu yana jin matsin sarai, yana jiran sa tun kafin ya zo, yatsa na maƙalewa, ƙwallo na dira a katako da ƙara. Ɗari da arba'in da tara. Trevor kuwa, ba wani gwani ba, yana ta tsinto ɗari da sittin-sittin ɗinsa a natse, yana cin soyayyen dankali tsakanin jifa da jifa.

A wasa na uku Norbert ya sake ɗauko baƙin, don ba shi da abin da zai rasa. Zagaye shida cikin goma yana kokawa da shi. A na bakwai gajiya ta sa ya manta da fizga, ya saki hannu kawai. Ƙwallo ya bi gefen dama, ya kama katako, ya lanƙwaso ya shiga inda ake so, kwalabe goma suka zube lokaci ɗaya. Ya sake, suka sake zubewa. Sau biyar a jere. Gene ya daina tsokana, 'yan layin da ke kusa suka tsaya kallo, don wannan shi ne jifan da tsofaffin unguwa ke ba da labari. Aka haɗa lissafin wasa uku, Trevor ya fi shi da maki tara.

Bai yi faɗa ba, abin da ya ba kowa tsoro ke nan. Ya zauna yana cire takalmin wasa. Duane ya zo ya tsaya a kansa yana sosa ƙeya.

"Ka ga jifan ƙarshen nan, Norb? Baɗi ba mai taɓa ka."

"Baɗi."

"Magana dai an yi ta gaban kowa." Duane ya gyara murya. "Sai kuma wani abu. A gasar birni dole riga iri ɗaya, ta Trevor kuma ba a ɗinko ba tukuna. Jikinku ɗaya. Sunanka da ke ƙirji, matata Lois ta ce za ta rufe da ƙyalle, in an dawo a cire."

Norbert ya dubi rigar da ke jikinsa, shuɗiya, da sunansa da zaren zinariya a kan aljihu. Ya miƙe ya fara ɓalle maɓallai a nan inda yake. Shekara goma, in ya dawo daga wasa Jeanette ke ɓalle masa su, don yatsun ba sa iya kama ƙaramin abu. Yau suka ɓalle shida cikin sauƙi, ba ko ɗigon ciwo, kuma wannan ya fi cin ransa fiye da maki taran.

Ya ninke rigar ya ɗora wa Duane a hannu. "Ka ce mata kada ta yi ɗinki mai ƙarfi," ya ce, ya ɗora kwat a kan singileti ya ɗauki jakarsa.