Dokar Yahuza Mai Haƙar Rijiya

Kawuna Yahuza mai haƙar rijiya ne. Duk wanda ya sha ruwa tsakanin Bungudu da Damba a farkon zuwan Turawa, da wuya bai sha na haƙarsa ba. Gajere ne, ba ya son yawan magana, amma in ka taɓo masa batun rijiya sai ka yi da-na-sanin tambaya.

Yana da doka guda da ya gada wurin ubansa. Kafin ya shiga rijiya mai zurfi, sai ya kunna fitilar man gyaɗa, ya ɗora ta a ƙwarya, ya zura da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, ya shiga. In ta mutu a hanya, iskar ciki ta lalace, sai a yi ta zura rassan ganye ana ja ana saki har iskar ta motsa. Ya taɓa ganin wanda ya karya dokar a Magami: mutum ya faɗa ciki don ya ceto ƙanensa da ya suma, aka fito da gawa biyu.

Da wannan yake fassara komai na duniya. Hankalin mutum, in ji shi, wuta ce irin ta fitila, ba ya zuwa ko'ina in an suma, iska yake rasawa. Fushi wuta ce da fifita ta yi wa yawa. Baƙin ciki kuwa iska ce mai nauyi, shi ya sa take kwantawa can ƙasan ƙirji, ba ta fita da kanta. Mutane suna yi masa dariya, suna kuma maimaita maganar a wurin ta'aziyya kamar tasu ce.

Shekarar da annobar mura ta ci mutane, shi da matarsa suka rasa Husaina, 'yarsu guda ɗaya, tana da shekara tara. Kwana uku kawai ta yi a kwance. Shi ya haƙa kabarin, ya daidaita bakinsa tsaf. Da ya dawo ya ce wa uwata, wadda ƙanwarsa ce, "Hanatu, ban ji komi ba. Kamar an ce mini akuyar wani ta ɓace."

Matarsa Maijidda ta shige ɗaki ta juya fuska ga bango. Shi kuwa ya zauna a zaure yana gwada kansa. Ya ɗauki awarwaron yarinyar ya riƙe, ya jira ko zai ji wani abu. Shiru. Washegari ya ɗauko faifan da ta fara saƙawa ba ta gama ba. Shiru. Sai ya yanke cewa fitilarsa ta mutu, kuma wanda fitilarsa ta mutu ba ya shiga wurin wani, don kada a rasa su duka biyu.

Ba mugu ba ne, wannan na rantse. Kullum da hantsi yana ajiye mata ruwa da itace a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya tsaya kaɗan, ya koma. Uwata ta yi masa faɗa har muryarta ta dushe, ta ce matar nan za ta bar shi. Ya ce ya sani, amma a bari iska ta gyaru. Har yau in na tuna wannan amsar raina yakan ɓaci.

Bayan sadakar arba'in, yayan Maijidda, Jibo, ya zo daga Tsafe da jaki. Ta fito da kayanta a ƙunshe, ta rame har ba a gane ta. A zaure ta tsaya.

"Malam, mi kaka jira kwana arba'in?"

"In ji wani abu, Maijidda. Mi zan shigo miki da shi? Ba ni da ko hawaye."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, ba komai.

"Ni ma ban ji komi ba hal yau. Na ɗauka ni ɗai ce. Da ka shigo, da mun zamna mu biyu."

Sai ya tashi ya taya Jibo ɗora kayan, ya gyara wa jakin akumari, ya raka su har bakin gari.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana haƙa wa mutane ruwa. Bai sake aure ba, ita kuma ba ta sake taka Bungudu ba.