Yafiyar da aka yi a madadin Rakiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan watan, da bel ɗin injin casar shinkafa ya kama bakin rigar yayana Shu'aibu a nan garin Lafiya. Har yau in hanya ta biyo da ni ta wajen masu casa na ji warin shanshera, shinkafa mai ɓawo, da ake turarawa, sai in ja mayafi in toshe hanci, kuma ba warin ne yake damuna ba. Masu Keke da suka saba ɗaukata daga makarantar da nake koyarwa sun daina tambayar dalilin da ya sa nake cewa a zaga da ni ta bayan kasuwa.

Mu biyu rak mahaifiyarmu ta haifa. Da mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, sai dangi suka raba mu kamar kayan gado. Aka kai Shu'aibu Obi wurin ƙanin mahaifinmu, ni kuma aka bar ni a Lafiya hannun Kawu Adamu, wan mahaifiyarmu. Ba mu sake zama inuwa ɗaya ba sai da ya zama saurayi ya shigo gari neman aiki. Ranar da ya yi sallama a gidan Kawu, na kawo masa ruwa a kofin baƙi, na durƙusa, na rasa abin da zan ce wa mutumin da muka fito ciki ɗaya. Da ƙyar na ce, "Sannu da zuwa. Ya mutanen Obi?" Ya yi dariya a lokacin, amma bai taɓa mantawa ba. Bayan mun saba, duk ranar da na ɓata masa rai sai ya maimaita mini gaisuwar da muryata, ni kuma in rama da tsokanar Hausarsa ta Obi, wadda ba ta san mace da namiji ba. Amma in an gama dariya, magana ɗaya yake komawa kanta: shi dai ko bayan ransa, ba za a raba masa 'ya'ya ba.

Ofareta ne a wani injin casa, shi ke tayar da inji ya kuma kashe. Kullum gashin kansa da girarsa fari fat da ɓuntu, har nake ce masa tsoho tun bai kai arba'in ba. Wata rana da la'asar ya shigo gidana yana washe baki, ya ce, "Malama, Oga ya saka mu a adashe. Amma wani irin adashe ne fa, shi ne zai zuba, mu ba za mu zuba ko sisi ba. Kuma babu wanda yana addu'a kwasansa ya zo."

Sai da ya zauna ya sha ruwa na gane abin da yake nufi, daga baya kuma na bi diddigi na tabbatar. Doka ce ta ƙasa. Duk wanda ya ɗauki mutane aiki, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, an wajabta masa ya yi rajistar ma'aikatansa, ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a wani asusu guda. Ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Wata hukuma ta gwamnati ce take riƙe da asusun. In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, daga nan za a biya maganinsa. In ya naƙasa, a riƙa ba shi wani abu. In kuma ya rasu, matarsa da 'ya'yansa su riƙa karɓa wata wata. Ba a tsayawa shari'ar wane ne ya yi sakaci. Hikimar ita ce mai inji ɗaya ba zai iya riƙe marayu har su girma ba, amma ɗan abin da dubban masu ɗaukar aiki suka tara wuri guda zai iya. Kada ma a zaci tsoron Allah ne kaɗai ya kai ubangidan Shu'aibu rajista. Kwangilar kai shinkafa makarantun kwana yake nema, aka ce sai ya nuna shaidar yana zubawa. Ko ma mene ne dalilinsa, ya zuba, kuma sunan yayana yana ciki.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Ya riga ya kashe injinsa, ya yi wanka, ya sa doguwar rigarsa ta masallaci. Yana kan fita aka kira shi ya duba bel ɗin ɗaya injin da yake zamewa. Mutumin da kullum yake yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan sa dogayen kaya kusa da inji, shi ne ya sunkuya da rigar Juma'a don kada a ce ya ƙi taimako. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Rakiya da 'ya'ya biyu, Zulai tana aji uku, Nuhu kuma bai shiga makaranta ba.

Ranar sadakar uku mai injin ya zo ta'aziyya. Maza suna waje a kan tabarmi, mu mata muna ciki, don haka daga bakin mijina na ji yadda aka yi. Bayan addu'a Alhajin ya ce akwai haƙƙin da iyalan mamaci za su nema, shi ya riga ya kai rahoton haɗarin, saura su. Kawu Adamu, wanda shi ne babba a wurin, ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ce Alhaji maƙwabcinsu ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, kuma ba shi ya kashe Shu'aibu ba, kwana ne ya ƙare. Ya ce su ba sa cin kuɗin jinin ɗansu, sun yafe duniya da lahira. Jama'a suka ɗauki kabbara, wasu har da hawaye. Alhajin ya yi ƙoƙari, ya ce, "Baba, wannan kuɗi ba daga aljihuna zai fito ba fa, yana wajen gwamnati." Kawu ya ce, "Alhaji, kada ka zage mu a gaban mutane." Daga nan aka shafa fatiha.

Haka al'adarmu take, kuma ba na zagin ta. Mota ta kaɗe yaro a hanya, dangi su ce sun yafe wa direba. Ana ganin wannan shi ne cikar mutunci da karɓar ƙaddara. Sai dai a nan babu wanda aka yafe wa. Alhajin ya riga ya zuba nasa tun Shu'aibu yana raye, ko an nema ko ba a nema ba, ko kwabo ba zai ƙara fita daga wurinsa ba. Yafiyar Kawu ba ta sauke wa kowa nauyi ba, ta dai toshe ƙofar da aka buɗe don yara biyu. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Ban yi shiru ba. A yammacin ranar na sami Kawu a zaure na yi masa bayanin adashen kamar yadda Shu'aibu ya yi mini. Ya saurare ni har na gama, don shi ba mai tsawa ba ne, sannan ya ce, "'Yata, magana zarar bunu ce. Na faɗa a gaban liman da mutanen unguwa. So kike gobe a ce Adamu ya amayar ya lashe?" Na ce ai ba haƙƙinsa ba ne, na Rakiya ne da marayu. Ya ce shi ya riƙe ni, ya kuma san abin da ya fi dacewa da gidan. Na tashi na fito.

Ita kuwa Rakiya tana ɗaki tana takaba, babu wanda ya leƙa ya tambaye ta. An ari bakinta an ci mata albasa. Da ta fita takaba na je na ce ta shirya mu tafi ofishin hukumar, tunda ita doka ta sani, ba Kawu ba, kuma akwai wa'adin da in ya wuce nema yakan yi wuya. Ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta ce, da Hausarta irin ta mijinta, "Anti, in na je, duk unguwa za su ce Rakiya ya sayar da jinin mijinsa. Da wane ido zan kalli Kawu?" Na koma sau da yawa, da lallashi da faɗa, har ta fara ɓuya in ta ji sallamata. Yarinya ce 'yar Kwandere da aka koya wa kunyar dangin miji tun tana ƙarama, kuma ba na ganin laifinta. Haka wa'adin ya wuce muna kallo.

Ba dukiya ba ce abin da za a riƙa ba ta, amma da ya ishi hayar ɗaki da tukunya, kuma abin da ake buƙata ke nan don uwa ta zauna da 'ya'yanta. Ta gwada suyar awara a ƙofar gida, ta gwada wankau, abin bai riƙe su ba. Shekara ba ta zagayo sau biyu ba mai gidan hayar ya ba ta notis. Dangi suka sake zama, a zauren nan dai, suka yanke abin da suka iya yankewa tun kakanni: Rakiya ta koma Kwandere wurin iyayenta da Zulai, Nuhu kuma dangin uba su ɗauka. Na roƙa a bar mini shi, aka ce ɗa namiji na gidan ubansa ne. Aka sa shi a mota zuwa Obi, zuwa gidan nan da aka kai mahaifinsa, yana riƙe da ledar kayansa yana waiwayen yayarsa. Ranar na yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Shu'aibu zai ce in ya leƙo Lafiyar yau. Na san zai tsaya ya buɗe baki gaban sababbin injinan nan masu tsince tsakuwa da kansu, ya ce ashe za a zo lokacin da za a ci shinkafarmu ba a dafe haƙori ba. Zai yi murna da yawan motocin da ke lodi. Amma da ya zaga baya zai tarar da bel a buɗe ba murfi a ƙananan injina, kamar yadda ya bar su. Zai tarar da masu dako da masu shanya da matan da ke tsaye kan tukwanen turara shinkafa, waɗanda ake sallama kullum da yamma, ba sunansu a ko'ina, ba wanda yake zuba musu komai. Kuma na san halinsa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko an saka su a adashe, har su gaji da shi.

Ni na gaji wannan tambayar. Duk gidan da na ji an yi rasuwa ko rauni a bakin aiki, in na gama gaisuwa sai in ja wata babba gefe in ce a bincika ko an yi wa mutumin rajista, kuma kada maza su yanke komai sai an ji daga bakin matarsa. Wasu suna godiya, wasu su ce Malama ta cika shisshigi, kuma duka biyun ba su yi ƙarya ba. Na taɓa kai maganar wurin wani malami, ya ce mini mutum yana iya yafe nasa, amma haƙƙin maraya babu mai ikon yafe shi a madadinsa. Da a ce an sami mai faɗin haka a kan tabarmar nan, da wataƙila ba wannan nake rubutawa ba. Kawu Adamu ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ina yi masa addu'a kullum, don shi ya ciyar da ni ya aurar da ni, kuma da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi. Amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da addu'ar take fita da ƙyar.

To me ya saura na Shu'aibu? Ba gida, ba gona. Rigunan aikinsa an bayar tun ranar arba'in. Akwai wushiryarsa a bakin Zulai, akwai tafiyarsa ta mai sauri a ƙafafun Nuhu. Da farko ana haɗa yaran da Sallah, daga baya kuɗin mota da hidimar gona suka sa abin ya koma sai an yi rasuwa ko biki, sannan ya koma sai dai labari. An ce zumunci a ƙafa yake, amma yaro ba shi da ikon ƙafarsa.

Bayan Sallar da ta wuce aka ɗaura wa Zulai aure a Kwandere da wani tela da ta zaɓa da kanta. Nuhu ya zo daga Obi, ya yi tsawo har sai da gabana ya faɗi da na hango shi yana shigowa, don na zaci ubansa ne. Na kama hannunsa na kai shi ɗakin da amarya take zaune cikin ƙawayenta, na tsaya daga bakin ƙofa ina jiran in ga ta tashi ta rungume shi, ko ta ja masa kunne, ko ta yi masa faɗan rashin zuwa. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta gyara mayafinta, ta sa wata ƙawarta ta kawo masa ruwa a kofin baƙi.

Sai Zulai ta ce, "Sannu da zuwa. Ya mutanen Obi?"

Allah ya jiƙanka, Yaya. Na gode wa Allah da ba ka ji ba.