Ƙanƙarar Bazazzagiya

Matata Bazazzagiya ce, ni kuwa Bakano, saboda haka tsokana ba ta ƙarewa a ɗakinmu. A Bahiya, can ƙetaren teku, muka haɗu, bayan kowannenmu ya fanshi kansa daga bauta. Tana tuyar ƙosai a bakin titin tudu da ake kira Ladeira da Praça, ni ina dako a tashar jiragen ruwa.

Akwai wani labari da take yawan ba ni. Wai tana ƙarama, kafin a kama ta, an yi hadari a garinsu, sama ta zubo da fararen tsakuwoyi na ruwa, yara suka fita suna tsinta suna tsotsa. Ni sunan kawai na sani, ƙanƙara, ban taɓa gani ba.

"Ruwa ya zama tsakuwa?" nakan ce mata. "Ku Zagezagi ko ƙarya ba ku iya ba."

Na sha faɗar haka a gaban mutane ana dariya. Ban lura abin da ya rage mata na gida ke nan ba, don ko fuskar mahaifiyarta ta ɓace mata. A hankali ta daina ba da labarin.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ita. Jikinta kamar garwashi, ruwa ma ba ya zama a cikinta. Ana cikin haka wani jirgi ya iso daga arewa mai nisa, aka kira mu sauke kaya. Manyan tubala ne binne cikin garin katako. Da na ɗora ɗaya a kan gammo, sanyi ya ratsa ni har haƙora, ruwa yana bin wuyana. Wani tsohon matuƙi ya ce ruwa ne ya daskare. Ya ce can gaba da ƙasarsu akwai kogi guda da ya daskare ya zama tsauni, mutane na zuwa kallo, karnuka na jan su a kai cikin akwati marar ƙafa.

Na roƙe shi ya gutsuro mini. Ya ba ni kamar girman gwanda, duk ta yi buɗu-buɗu da garin katako. Na ce ba zan kai wa mara lafiya ƙazanta ba. Na wanke ta tas a famfon bakin tasha, ashe garin ne rigarta mai hana ta narkewa. Na sa a hula na kama hawan tudu zuwa gida, ga rana ta take. Kafin in kai rabin tudu hular ta jiƙe sharkaf, ruwa na zuba ta gwiwar hannuna. Na leƙa, ta koma kamar lemo. Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Na ratsa dandalin Praça mutane na kauce mini, wata mai talla tana zagina da Yarbanci.

Da na durƙusa gaban tabarmarta, abin da ya rage bai wuce gurjiya ba. Kunya ta kama ni.

"Uwargida, da girma na ɗauko ta, wallahi. Ta narke."

Ta buɗe ido ta daɗe tana kallon tafina.

"Haka take," ta ce. "Daidai haka."

Na sa mata a baki. Ta rufe ido tana tsotsa, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Can ta fara kiran sunayen ƙawayenta na yarinta, waɗanda ban taɓa ji ba. Sai ta nemi ruwa, ta sha, ya zauna.

"Malam, ka yarda yanzu?"

"Na yarda. Ki yafe mini."

Na zauna ina yi mata fifita, ina ba ta labarin kogin da ya zama tsauni, da karnukan da ke jan mutane. Ta yi murmushi, na farko tun da ta kwanta.

"Karnuka?" ta ce. "Kai Bakano, ko ƙarya ba ka iya ba."