Ranar da Nazifi Ya Ƙi Wuce Tirela

Wata rana da damina, ina tsaye a bakin titi a Dawanau ina jiran motar Daura. Ɗaurin auren abokina za ni, ga rana tana ta yi.

Sai wata tsohuwar mota ruwan toka ta tsaya a gabana. Wani dattijo mai farin gemu ya leƙo daga kujerar mai zaman banza.

"Samari, Daura za ka? Shigo mu rage maka hanya."

Na faɗa gidan baya ina ta zuba godiya. Sai da na rufe ƙofa sannan na dubi direban.

Yaro ne ɗanye shakaf, ko gashin baki bai gama fito masa ba. Na waiwaya, sai ga jan harafin nan na 'yan koyo manne a gilashin baya.

Lana!

Ni da na fito cin shinkafar biki, ga ni a hannun ɗan koyo, daga Kano a ratsa Jigawa a shiga Katsina. Na shiga karanto duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa.

Dattijon ya gano ni, ya yi dariya.

Ya ce yaron autansa ne, Nazifi, shekararsa sha takwas, bai daɗe da karɓo takardar izinin koyon tuƙi ba. Shi kuwa a kan sitiyari ya tsufa, tun yana saurayi yake jan manyan motoci zuwa kudu. Yayarsa za su gaisar a Daura, yaron kuma ya dame shi da roƙon a bar shi ya ja.

"Na bar shi, amma da sharaɗi. Abin da na ce, shi zai yi. Ya saɓa mini sau ɗaya, in karɓe makullina, ba shi ba motar nan sai baɗi. Ko ba haka muka yi ba?"

"Haka muka yi, Baba."

Na hango idon yaron ta madubi. Kana gani ka san makullin nan ya fi masa komai a duniya.

Muka ɗauki hanya.

"Rage wuta."

"To, Baba."

"Yi wa mai babur ɗin nan hon."

"To, Baba."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. Gumi yana bin wuyansa, amma ko sau ɗaya bai yi gargada ba. Har na fara sakin jiki.

Muna wuce Dambatta muka cim ma wata tirela, ta sha lodin buhuna, tana tafiyar hawainiya tana feso mana baƙin hayaƙi. Wurin titi guda ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa. An yi ruwa da safe, rana ta fito, kwalta sai ƙyalli take yi tana kashe ido.

Tsohon direba ba ya son bin bayan hayaƙi. Dattijon ya karkata, ya leƙa gaba.

"Hanya ta buɗe. Wuce shi."

Nazifi ya kunna sigina, ya ɗan fito da kan motar, sai ya mayar da ita bayan tirelar.

"Na ce wuce shi!"

"A'a, Baba."

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san nauyin wannan kalma. Yaro ya ce wa mahaifinsa a'a, a gaban baƙo. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai.

Dattijon bai kai ga buɗe baki ba, wata farar bas ta taho daga gaba ta shige ta gefenmu, fuuu! Iskarta sai da ta girgiza motarmu.

Nazifi ya ci gaba da bin bayan tirelar, har muka wuce allon da ke yi wa matafiya maraba da shiga Jigawa.

"Gangara gefe ka tsaya," in ji dattijon.

Yaron ya gangara, ya kashe mota, ya zare makulli. Ya fita ya zagayo ta ƙofar mahaifinsa, ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya miƙa makullin da hannu biyu.

"Baba, na saɓa maka. Ka yafe mini."

Ni kuwa raina ya ɓaci, na riga na shirya maganar da zan faɗa wa tsohon nan, ko da zai sauke ni a dajin.

Dattijon bai karɓi makullin ba.

"Nazifi, motar nan da ta wuce, wace iri ce?"

"Bas ce, Baba. Fara."

"Ban gan ta ba. Wallahi ƙararta kawai na ji."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce tun bara yake ganin abubuwa hazo-hazo, musamman in rana ta take. Ya ɓoye wa kowa, har matarsa. Mutumin da idonsa ne ya ciyar da gidansa, ta ina zai fara cewa idon ya gaji?

Ya kama hannun ɗansa, ya danƙe masa yatsu a kan makullin.

"Da ka ce mini to, da yanzu wani labarin ake yi. Tashi, kana ɓata wandonka. Allah ya yi maka albarka."

Duk maganar da na shirya ta bi iska. Kunya ta kama ni, tausayi ya rufe ni.

Da yaron ya tayar da mota, dattijon ya ce, "Daga nan har Daura, kai za ka riƙa faɗa mini abin da ke gabanmu."

Da farko abin hanya yake faɗa. Ga rami, Baba. Ga shanu za su tsallaka. Ga kwana, zan rage.

Da muka doshi Kazaure sai na ji zancen ya sauya.

"Baba, duwatsun nan duk sun yi kore shar."

"Allah?"

"Wallahi. Ga gero ta hannun dama, ya fi ni tsawo."

"Ya fid da kai?"

"Ya fitar, har tsuntsaye sun fara sauka."

Dattijon ya jingina da kujera, fuskarsa tana wajen taga, yana murmushi. Hanyar da ya bi tun kafin a haifi yaron, yau yaron ne ke nuna masa ita.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye. Na fake da cewa hayaƙin tirela ne.

A Daura suka sauke ni. Ina rufe ƙofa na ji dattijon yana cewa a hankali, "In mun koma gida, ka kai ni wurin likitan ido. Kai za ka ja."

"In sha Allahu, Baba."

Ban san sunan dattijon ba, ban kuma sake ganinsu ba.

Darasi: Mu koya wa 'ya'yanmu biyayya, amma kada mu kashe musu ido da ita. Akwai ranar da su za su hango abin da mu ba mu gani ba. Ku kuma matasa, in ta kama dole ku ce a'a, ku faɗe ta da ladabi irin na Nazifi.

In mahaifinka yana raye, kira shi yau ka tambaye shi lafiyar idonsa. Sannan ka tura wannan ga wani uba, ko wani ɗa, da ka san yana bukatar ji.