Kwalbata da ta Inna

Ban iya riƙe alƙalami ba sai bayan na aurar da ɗiyata ta biyu. A kur dadil, makarantar manya ta yaƙi da jahilci, na koya, bisa tabarma, ga furfura a kaina. Wanda ke neman kalmomi masu ado ya nemi wani littafin. Ni zancen fitsari zan yi.

Nasara bai daɗe da miƙa mulki ba, ina da goyon fari, muna zaune a Gaya. Da safe ina cikin ruwan gonar shinkafar maigidana har gwiwa, da la'asar ina sayar da shinkafa da wake ga direbobin da ke jiran duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, su sallame su su ƙetara Dahome. Sai na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina. A garinmu in ɗa namiji ya yi fitsarin jini dariya ake yi, a ce ya fara girma. In matar aure ce, wata magana ce daban. Inna, uwar mijina, ita ta gani a makewayi. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta cikin zana na ji tana ce wa ɗanta mace mai wuni cikin direbobi ba a rasa abin da za ta kwaso. Ya daina shiga ɗakina. Ya ce zai yi shawara da kawunsa, kuma kowa ya san inda irin wannan shawara ke ƙarewa.

Na ɗauki ƙafata na tafi likita, asibitin garinmu ke nan. Majo, babban ma'aikacin wurin, Bazabarme ne daga Dosso, dogo, Hausarsa a karkace. Ya ɗaga kwalbar fitsarina ya duba ta a hasken taga, sai na ga mutumin nan yana murmushi.

Na ce, "Majo, abin dariya ka gani?"

Ya ce, "Ƴar'uwa, ke nake nema tun watan jiya."

Ya yi mini bayani. Tsargiya ce, tsutsa ce da ke shiga fatar mutum a ruwan fadama, ta yi ƙwai, ƙwan ya fito da jini. Tun zamanin Nasara, barin fitsari suke yi ya kwanta a wani kofi mai tsinin gindi, su ɗebi abin da ya taru a ƙasa su duba a madubin likita. Yanzu an aiko masa da sabuwar dabara daga Yamai: a tura fitsarin da bututun allura ta cikin wata ƴar takarda mai tacewa, ƙwai ya maƙale, a ɗiga masa launi a ƙirga. Amma an ce kada ya yarda da ita sai ya gwada ta da tsohuwar, fitsari ɗaya a raba biyu. Yana son mai ƙwai da yawa, wadda za ta riƙa kawowa kullum kafin a fara mata allura. Kuma ba na safe ba, na tsakar rana, bayan an motsa jiki.

Wannan motsa jikin shi ne ya tsiraita ni. Rana tsaka, matar aure da goyo a baya, ina zagaya ginin likita da sassarfa, Majo na tsaye yana cewa, "Ƙara ɗaya!" Masu jiran magani a gindin darbejiya suka samu abin kallo. Wata mai sayar da kifi ta ce, "Ke, gwamnati ta ɗauke ki soja ne?" Na ce da ita, "Eh, ke za a fara aiko ni in kama." Bakina ya rama, amma fuskata kamar an watsa mata barkono. Ina fitowa daga bayan katanga da kwalba ja a ƙarƙashin mayafi, kowa ya san abin da na ɓoye.

Labari ya isa gida. Inna ta zo da kanta, da carbinta, ta tsaya a ƙofar ɗakin gwajin.

Ta ce, "Ɗan nan, ka gaya mini gaskiya. Wace cuta ce yarinyar nan ta kawo mana gida?"

Majo ya gaya mata. Ta ce ita tun tana budurwa take cikin ruwan fadamar nan, ba ta taɓa ganin ɗigon jini ba, ya nemi wata ƙaryar. Shi kuwa kansa na wurin aikinsa. Ya ce dama yana buƙatar fitsarin mai lafiya, don ya tabbata takardar ba ta nuna ƙwai inda babu. Ko Inna za ta taimaka?

Ta ce, "Ba ni kwalbar. Yau za a ga bambanci."

Tsohuwar nan ta zagaya ginin, a hankali, kanta a sama. Ta ajiye kwalbarta kusa da tawa, fara tas. Majo ya raba biyu. A tsohuwar dabara bai ga komai ba. Ya tace ɗaya rabin, ya sa ido a madubi, ya daɗe. Ya ɗago ya ce ya ga ƙwai, amma laifinsa ne, wataƙila bututun ya taɓa nawa. Ya tafasa komai, ya yanko sabuwar takarda, ya roƙe ta ta dawo gobe. Ta dawo, don ta tabbata ita ce da gaskiya. Ƙwai na nan, kaɗan, amma yana nan. Ya sake wata rana, ni ya hana ni shiga ɗakin ma. Haka dai.

Ya ce, "Inna, zo ki gani da idonki." Ta leƙa nata, ta leƙa nawa. Iri ɗaya ne, kamar ƙwayar shinkafa mai ƙaya a gindi. Majo sai murna yake, yana cewa takardar ta kama abin da kofi ya rasa, zai rubuta wa Yamai. Bai ma kalli fuskarta ba.

Ni na kalla. Na daɗe ina shirya maganar da zan jefa mata ranar da gaskiya ta fito, har da yadda zan riƙe ƙugu. Sai ga mace mai furfura, wadda ko abinci ba na ci a gabanta, tana tsaye da kwalbar fitsarinta a gaban surukarta da wani ɗan Dosso. Kunyar da na ji ta fi ta gudun tsakar rana. Na karɓi kwalbar daga hannunta na zubar a bayan katanga.

Muka kamo hanya tare. Da muka shiga gida ɗanta na gyaran komar kamun kifi a zaure. Ta ce masa, ba tare da ta tsaya ba, "Ciwon ruwa ne. Kai ma gobe ka je a duba ka, da tsakar rana." Zancen kawu bai sake tashi ba.

Tare muka yi ta zuwa allura, mai sa jiri da amai. Ina riƙe mata buta, tana riƙe mini goyo. Har ta koma ga Allah ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba.